Wata takwas ina juye abincin saye a kula, maigida yana yaba girkina

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Ina zaune a Rigasa, Kaduna, da maigidana da yaranmu biyu, ina aiki a wani banki a cikin gari. Kafin bakwai na safe na fita, da wuya kuma in shigo gida kafin magariba. Shi ma'aikacin gwamnatin jiha ne, in ya taso yakan wuce shagonsa, sai bayan isha'i yake shigowa. Da farko nakan dage in ɗora tukunya komai gajiya, har ranar da barci ya kwashe ni shinkafa ta ƙone. Daga nan na fara oda wajen wata mata a unguwarmu mai dafa abincin sayarwa a gidanta. In na biyo sai in karɓa, in juye a kulolina in jera. Ranar da ba ta yi ba, in tsaya gidan abinci in yi tekawe. Yau wata takwas ke nan bai sani ba, har yabon miyata yake a gaban 'yan'uwansa. Kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, da albashina nake cikawa, har na kasa zubin adashe. Yanzu likita ya ce yana da hawan jini, ya rage gishiri da magi, shi kuwa ya ce wa likita ai abincin gida yake ci, zai gaya wa uwargida. Ga shi nan da mako uku Hajiyarsa za ta zo daga Zariya ta yi mana wata guda. Anti, in faɗa masa ne, ko in lallaɓa in koma girki shiru? Kuma da gaske abincin waje yana da illar da ake faɗa, ko surutun mutane ne?

Daga wata 'yar'uwa a Rigasa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki faɗa masa, kuma kada makon nan ya fita ba ki faɗa ba. Ɗaya hanyar da kika kawo, ta komawa girki shiru-shiru, ba za ta ɓulle ba, domin abin da ya kore ki daga kicin yana nan daram. Banki bai rage miki awa ba, cunkoson Bakin Ruwa da yamma bai sassauta ba, jikinki kuma jini ne da tsoka. Za ki yi kwana huɗu kina fama, na biyar ki koma ƙofar matar nan da kula a leda. Ban da haka, ranar da kika ɗora taki miyar harshensa zai gaya masa an canza hannu, ko da bai ce uffan ba.

Ni ba zan ma rantse cewa bai sani ba. Wata takwas tukunyar gas ba ta ƙarewa, buhun shinkafa ba ya motsi, ba ƙamshin suyar albasa a gidan, ga yara biyu masu ido da baki. Maza suna da wani irin shiru da mu mata muke ɗauka rashin lura ne. Mai yiwuwa ya gane tuntuni, ya dubi gajiyarki ya kau da kai, mai yiwuwa kuma da gaske bai lura ba. Ko wanne ne, gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin yaro a gaban kakarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki kuwa saura mako uku, don Hajiya ba za ta kwana biyu a gidan ba ta gane tukwanenki hutu suke yi ba.

Sayen abinci shi kansa ba laifi ba ne, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, duk da caccakar da matan zamani ke sha a kansa a Facebook. Tun zamanin kakanninmu gida nawa ne ke toya ƙosai da safe? Koko da ƙosai saye ake yi. Waina saye, fura saye, ɗanwake da alala da dambu a kan 'yan talla suke shigowa gida, tsire da balangu kuwa ba a taɓa cewa aikin matar gida ba ne. Matan kulle da yawa da abincin sayarwa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Matar unguwarku wannan tsohuwar sana'ar take yi, waya ce kawai ta karɓi aikin 'yar talla. Abin da ya sauya shi ne, a da karin kumallo da ƙwalama ake saye, tuwon dare na gida ne, kuma kowa ya san wanne ne na saye. Laifinki yana cikin juyewar nan da karɓar yabon wata. Ga shi har ya kai bawan Allah ya ba likita labarin da ba haka yake ba, saboda ya yarda da ke.

Maganar illa kuwa gaskiya ce, sai dai masu faɗa sukan cakuɗa ta. Dafa abinci a gida shi kaɗai ba ya mai da shi na lafiya. Na san gidajen da ake marmasa dunƙule takwas a miyar mutum biyar, a ƙara farin magi, a ƙara gishiri, a tsiyaya manja har ya taso sama. Wannan miyar ba ta fi ta kowane gidan abinci da komai ba. Inda girkin gida ya yi zarra shi ne cokalin gishiri yana hannunki. Mai sayarwa ciniki take nema, abin da ke dawo da mai saye gobe kuma ɗanɗano ne, kuma ba hanyar ɗanɗano mai araha kamar gishiri da magi da mai. Nama da kifi sun yi tsada, dole ta cike gurbinsu da wani abu. Inda ake suya daga safe har dare kuma, man kasko ƙari ake yi a kansa, ba a zubarwa, har ya yi baƙi ya yi kauri, kuma irin wannan man yana cutar da zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda ya ɓuya a cikin abinci ake ƙirgawa. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwar da muke jefawa a wake da miyar yauƙi ita ma sodiyam ne a cikinta, wato sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri. In ya yi yawa jiki yakan riƙe ruwa, jinin da ke zagayawa ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, jijiyoyi su yi ta shan wahala. Shekara da shekaru a haka sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, kuma hawan jini ba ya sallama, mutum yana harkarsa garau yana ɗauke da shi. Ban ce miyar matar nan ce ta jawo wa maigidanki ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba da zama wuri ɗaya. Amma tunda likita ya yi magana, ki sani faranti ɗaya na dafa-dukar gidan abinci da soyayyar kaza zai iya cinye yawancin kason yini, ke kuma ba ki da yadda za ki san nawa aka zuba.

Bari in ɗan taɓa shi maigidan tunda ba ya nan. Duk magidancin da ya ce wa likita shi abincin gida yake ci, a tambaye shi me ya ci da rana a ofis, me kuma aka ci a ƙofar shago bayan magariba. Tsire da yajinsa, kilishi, indomi da ƙwai a teburin mai shayi, a kora da lemo mai sanyi. Waɗannan ba sa shiga lissafin maza, kamar ba ta baki suke wucewa ba. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi cike yake da gishiri, yajin tsire ma da gishiri da magi ake daka shi. Robar lemo mai santilita 50 kuwa takan ɗauki sukari wajen giram 50, iyakar abin da ake so babba ya sha a yini ɗungurungum. In kun zauna gyara har da nasa ɓangaren za a gyara, amma kada ki ɗauko wannan ranar da kike neman gafara.

Ga yaranki kuwa, daɗewar abinci ta fi ba ni tsoro. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ya huce, tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba a firij ba. Abin da kike karɓowa da magariba, yaushe aka sauke shi? In tun azahar aka dafa ya zauna yana ɗumi-ɗumi, balle a zafin Kaduna na Maris da Afrilu, sannan kika juye a wata kular ya jira bayan isha'i, an daɗe da wuce iyaka. Shinkafa ta fi haɗari a nan. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga tafasa, in shinkafar ta daɗe a ajiye sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Wani amai da gudawar da muke ɗora wa haƙori ko shawara daga nan yake. Haɗin kabeji da mayonis da ake ɗorawa gefen soyayyar shinkafa ɗanye ne, ba ya jure zafi, kuma ba ki ga ruwan da aka wanke shi da shi ba. Ba mu manta 2021 ba, shekarar da aka samu sama da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, galibinsu a Arewa, Kaduna ma ba ta tsira ba. Gurɓataccen ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba su ne hanyarta, haka ma taifod.

A wannan fannin matar unguwarku ta fi gidan abincin bakin titi, ko da yana da gilashi da sanyi, domin ita kina iya yin sallama ki shiga har madafarta. To ki shiga. Ki ga inda take ɗebo ruwa, ki ga ko ƙuda na sauka a kan nama, ki ga ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke kwashe tuwo. Ki tambaye ta ƙarfe nawa take saukewa. Mai tsafta ba ta jin haushin irin wannan tambaya. Ki kuma bar mata kularki tun da safe a zuba miki kai tsaye, a daina naɗe tuwo mai tururi a leda da zuba miya a farar robar nan ta tekawe. Jihar Legas ta haramta irin wannan robar a Janairun 2024, babban dalilinta toshe magudanan ruwa, abin da duk mai ratsa layukan Rigasa da damina ya san ba Legas kaɗai ke fama da shi ba.

Batun kuɗi ba sai na koya wa ma'aikaciyar banki ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai dafawa da mai saye duk sun ji a jikinsu, amma mai saye tana biyan ƙari: gas ɗin mai abinci, ladan yaranta, roba da leda, ribarta, in gidan abinci ne har da haya da man janareta. Ga gwauro shi kaɗai, sayen kan fi sauƙi wani lokaci. Gida mai baki huɗu kuwa dafawa ta fi, don wutar da za ta dafa gwangwani biyu ita za ta dafa shida. Ki buɗe wayarki ki kwafo duk abin da kika tura wa masu abinci a watan jiya, kusa da shi ki rubuta kuɗin shinkafa, wake, garin masara, mai, kayan miya da gas na wata guda. Wannan takardar za ki ajiye a gabansa. Ciyarwa haƙƙi ne a wuyan miji, in kuwa kuɗin cefane yana nan yadda yake tun kafin tsadar nan, to bai san halin da kasuwa take ciki ba, kuma ke kika rufe masa ido da albashinki. Maganar adashen ma ki faɗa. In za ki amayar, ki amayar duka.

Ba zan ce ki koma girki sau uku a rana ba. Mai ba ki wannan shawarar ba ta taɓa rufe lissafin banki ta fito neman Keke da magariba ba. Ki ƙwato miya, ki saki sauran. Gishiri da magi da mai duk a miya suke zaune. Tuwo, na masara ne ko na shinkafa, ba a sa masa gishiri, kuma shi ne mai cin ƙarfi da talge da tuƙi. Ki ci gaba da sayen malmala mai zafi a wurin matar nan, a fili, da sanin maigida, ki ce mata kada ta sa kanwa, miyar kuwa ta fito daga tukunyarki. Farar shinkafa da taliya da doya ba su kai a saya ba, kafin ki watsa ruwa ki yi salla sun nuna.

Asabar ta zama ranar miya. Kayan gwari a kasuwar Bakin Dogo sun fi araha in an saya da yawa, ba kashi-kashi wajen mai tebur a bakin layi ba, nama kuma a leƙa mayankar Zango da safe. A yi markaɗe mai yawa, a tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, a soya, a kasa a ƙananan robobi daidai cin dare ɗaya-ɗaya. A dafa nama da albasa da citta da tafarnuwa, a ajiye shi daban, romonsa daban. In waɗannan suna firiza, miyar dage-dage minti goma ce, ta alayyahu ko taushe ba ta fi ashirin ba. In da hali ki sayi tukunyar firesha, ta fi miki sabuwar atamfa amfani. Wake da ganda masu cin awa biyu tana gama su a ƙasa da rabin wannan lokacin, ba sai da kanwa ba, gas ma ya huta.

Na san za ki ce wuta, kuma gaskiyarki. Wanda ya ga Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu saboda matsalar manyan layukan lantarki, aka yi ta zubar da naman firiza, ba zai jingina cikin iyalinsa da Nepa ba. Kada ki tara na wata guda. Na kwana uku zuwa huɗu ya isa, in wuta ta daɗe ba ta zo ba ki sayi ƙanƙara ki sa a babbar kula. Sauran kwanakin ki koma wa dabarar iyayenmu da suka ciyar da manyan gidaje ba firij ba firiza. Girkinmu a kan busassun kaya ya tsaya: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, kauɗar tumatir, busasshen tattasai, bandar kifi, ƙuli-ƙuli, tsakin masara. Miyar kuka da banda da daddawa ba ta kai rabin awa. Faten tsaki da rama ko yakuwa tukunya ɗaya ce, ba miya daban, kuma maigidanki Bazazzage ne, ba sai an koya masa son fate ba. Kwaɗon zogale da ƙuli ma abincin dare ne, ba sai da rana ba. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani ke cika kasuwa, shi ne lokacin sayen kwando a yanka a shanya, ko a ba wata ta shanya miki. Da damina in ya yi tsada sai ki jiƙa kauɗarki ki markaɗa.

Ki shirya wa ƙorafi, makon farko zai ce miyar lami ce. Harshen da ya saba da gishiri yakan ɗauki 'yan makonni kafin ya sauko, don haka ki rage a hankali, daga dunƙule huɗu zuwa uku, daga uku zuwa biyu. Ki cike gurbin da daddawa, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kimba, albasa mai yawa, garin busasshen kifi, da ɗan tsamin yakuwa ko lemon tsami. Citta kuwa a jiharmu ake noma ta, Kachiya da kewaye. Ki daka masa nasa yajin ba magi, kuma kada robar gishiri ta zauna kusa da farantinsa. Duk gidan ku ci wannan miyar. In aka ware masa tukunyar marar lafiya ba zai jure mako ɗaya ba, yaran kuma gata kika yi musu in suka tashi ba su saba da gishiri mai yawa ba. Ranar da zai koma asibiti ki nemi izini ki bi shi a gyara wa likita labari. In an rubuta masa magani ya riƙa sha, rage gishiri ba ya ɗauke shan magani, kuma kada ya daina don ya ji jikinsa daidai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Disamban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, in har nasu ofishin yana bin wannan, to safiyar Juma'a tana hannunsa, cefane da kai markaɗe ba za su rage shi da komai ba. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari. Gidan da ake amfana da albashin mace bai kamata a bar mata murhu ita kaɗai ba. In ya ce sam shi ba ya shiga kicin, to ya biya mai taya ki aiki ta zo ranar Asabar. Babbar mace nake nufi, da lada sananne, ba yarinya ƙarama da za a ɗauko daga ƙauye a raba ta da makaranta ba.

Tekawe ma ku bar masa ranarsa. Ƙarshen wata in banki ya riƙe ku har dare, ko ranar da jiki ya ƙi, a saya a ci ba wani ɓoye-ɓoye. A dai zaɓa: gashi ya fi suya, farar shinkafa da miya a gefe ta fi wadda aka cakuɗa don zai iya ɗiban miyar kaɗan, a bar haɗin kabejin, a kora da ruwa. Shawarma sau ɗaya a wata ba za ta yi wa yara komai ba, abin gudu su tashi suna ganin tuwo horo ne.

Sai yadda za ki faɗa. Ba yana jin yunwa ba, ba a gaban yara ba, ba ta saƙon waya ba. Bayan ya ci ya huta ki ce masa, Abban yara, akwai abin da na ɓoye maka, maganar likitan nan kuma ta hana ni barci. Ki faɗi abin yadda yake, har da tsawon lokacin, ki nemi gafarar ɓoyewar, ki yi shiru. Kada ki biyo da ai kai ma, kada kuma ki haɗa ban haƙuri da lissafin gajiyarki a zance ɗaya, sai ya ji kamar kare kanki kike. In ya tambayi dalili, sannan ki faɗa. Ina zaton abin da zai fi sukar sa shi ne yabon da ya yi a gaban 'yan'uwansa, zai ga kamar ana yi masa dariya a bayan ido. In ba wanda ya sani sai ke da mai abincin, ki gaya masa haka. Zai iya yin fushi, zai iya ƙaurace wa kularki kwana biyu. Ki bar shi ya huce, takardar lissafi da sabon tsari su jira zama na biyu. In kuwa kin san yana da zafin hannu, kada ki tunkare shi ke kaɗai, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna.

Hajiya ba sai an ba ta labarin wata takwas ba, wannan tsakaninki da mijinki ne. Abin da za ta tarar shi ne gidan da ake sayen tuwo ana yin miya, kuma ɗanta ne zai gaya mata da bakinsa cewa likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya amince da tsarin saboda aikinki. In ke kika faɗa za a ce son jiki ne, in shi ya faɗa an wuce wurin. Duk da haka za ta yi magana, ki ce to, Hajiya. In ta ce za ta shiga kicin da rana kada kunya ta sa ki hana ta, ki nuna mata inda komai yake, sai dai ki roƙe ta a kan gishiri da kanwa, don hannun tsofaffi a nan yake da nauyi, ita ma a shekarunta ya kamata a auna jininta in ta zo. Ki kira ta tun yanzu ki gaishe ta, ki ce in za ta taho ta riƙo miki daddawa da kuka da tsakin masara daga Zariya.